Kimiyya da Fasaha: Haɗa sabuwar firinta mai aiki da hasken leza

Kimiyya da Fasaha shiri ne da kan duba irin ci gaban da ake samu a fannin ƙere-ƙere da kuma yadda yake shafar rayuwarmu ta yau da kullum. A yau shirin zai mayar da hankali ne a kan na'urar buga takardu, wato firinta, musamman irin wadda ke aiki da hasken leza, da abubuwan da ya kamata mutum ya kiyaye a ranar farko da ya fito da ita daga kwali.

Abin da ya janyo wannan batu shi ne wata wasiƙa da muka samu daga wani mai sauraronmu a zangon Kumasi da ke ƙasar Ghana. Bawan Allahn nan yana da ɗan shago ne inda yake buga wa jama'a takardun makaranta da katin biki da takardun neman aiki. Sai wansa da ke zaune a birnin New York ya saya masa sabuwar firinta fil, ya sako ta cikin kaya a jirgin ruwa. Bayan an shafe makonni ana jira kaya suka iso. Ya ce saboda ɗoki ko takardar bayani bai duba ba, da ya ga bakin fulogin bai dace da soket ɗinsa ba sai ya aiki yaro ya sayo adafta, ya jona. Ƙara ɗaya ya ji, tas, sai hayaƙi da warin ƙonewa. Ko shafi guda na'urar ba ta buga ba. Tambayarsa ita ce: shin jabu aka sayar wa wan nasa, ko kuwa laifin wutar Kumasi ne?

To malam, ba jabu ba ce, kuma wutar garinku ba ta yi laifin komai ba. Amma kafin mu kai ga amsar, bari mu ɗan leƙa cikin na'urar tukuna, domin kusan duk wata ƙa'ida da za mu ambata a yau daga yadda take aiki ta samo asali.

Da yawa daga cikinmu mun yi wasan nan muna yara, a goga biro na roba a gashin kai, sannan a kusantar da shi ga ƴan gutsattsarin takarda, sai a ga sun yi tsalle sun manne masa. Wannan ɗan ƙarfin lantarki da ke kwanciya a jikin abu, shi ne kuma ke sa mayafi ya riƙa tartsatsi da dare a lokacin hunturu, kuma a kansa aka gina firintar leza baki ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya fara kwafar rubutu ta wannan hanya, a ranar 22 ga watan Oktoban 1938 a unguwar Astoria ta birnin New York, daga nan ne kuma aka samu injin fotokwafi. Shekaru talatin da ɗaya bayan haka, wato a 1969, wani injiniya na kamfanin Xerox mai suna Gary Starkweather ya ce, me zai hana maimakon a kwafi takardar da ke akwai, a bar kwamfuta ta yi amfani da hasken leza ta zana shafin da kanta? Shugabanninsa na lokacin ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, sai da ya koma cibiyar binciken kamfanin da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda a 1971 ya haɗa ta farko mai aiki. Na'urorin farko da suka shiga kasuwa, kamar IBM 3800 a 1976 da Xerox 9700 a 1977, manya ne ƙwarai, sai bankuna da manyan ma'aikatu. Sai a 1984 kamfanin HP ya fito da LaserJet wadda za a iya ɗorawa a kan tebur, tana buga shafi 8 a minti ɗaya, a kan kuɗi dalar Amurka kusan 3,500. A yau wadda ta ninka ta sauri sau uku ko huɗu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba.

A cikin na'urar akwai wata ƴar ganga mai santsi, galibi koriya ko shuɗiya, wadda ake shafe jikinta da cajin lantarki. Hasken leza sai ya bi ta kanta yana goge cajin a daidai wuraren da rubutu zai fito. Tawadar kuma ba ruwa ba ce, gari ne mai laushin gaske na roba da launi, wanda ake kira tona. Garin sai ya manne a wuraren da hasken ya taɓa, gangar ta juya ta sauke shi a kan takarda. A wannan mataki da za ka hura takardar da baki, da rubutun ya tashi. Shi ya sa a ƙarshe takardar ke bi ta tsakanin wasu naɗi guda biyu, ɗaya daga cikinsu da zafin da ke kaiwa kusan digiri 200 a ma'aunin Selshiyos, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa, ya narkar da garin ya like shi a jikin takarda. Kusan a ce dutsen guga ne a cikin cikin na'urar. Wannan ne dalilin da ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, shi ne kuma ya sa ruwa ba ya wanke rubutun leza kamar yadda yake yi wa na firinta mai tawadar ruwa.

To a nan ne amsar mai sauraronmu take. Wutar gidaje a Amurka da Kanada bolt 120 ce, alhali a Ghana da Birtaniya da Kamaru da Chadi da Sudan tana tsakanin 220 ne zuwa 240. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, cajar wayar salula da ta kwamfutar tafi-da-gidanka suna karɓar kowace iri, idan ka duba jikinsu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240. Sai mutum ya ɗauka kowace na'ura haka take. Firintar leza ba haka take ba. Saboda wannan dutsen guga da ke cikinta, akasarinsu ana ƙera su ne domin wuta iri ɗaya tak, ko dai 110 zuwa 127, ko kuma 220 zuwa 240. Ita kuwa adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Ashe ke nan na'urar da aka yi wa bolt 120 aka ɗura wa 230.

Saboda haka abu na farko, tun kafin a yanke salatif ɗin kwali ma, a duba ƴar takardar da ke manne a bayan na'urar ko a gefen kwalin, a ga abin da aka rubuta na bolt. Wanda ya riga ya mallaki ta Amurka zai iya amfani da ita, amma sai da taransfoma mai sauke wuta, kuma ba ƴar ƙaramar nan ta injin aski ba. A kan wannan takarda dai an rubuta yawan amfiya da take ja. Alal misali idan an rubuta bolt 120 da amfiya 8, sai a ninka, ya ba da wat 960, to sai a nemi taransfomar da ta kai ninki biyun haka. Idan ka haɗa kuɗin taransfomar da na dako da na kwastan, sannan ka tuna cewa garantin da aka bayar a Amurka da wuya ya yi maka aiki a wata ƙasa, a nawa ganin gara ƴan'uwanmu da ke can su aiko da kuɗin a sayi na'urar a gida. Su ma mazauna Saudiyya sai su lura, domin ko da yake tun a 2010 hukumomi suka yanke shawarar mayar da ƙasar kan bolt 230, ana iya tarar da soket mai 127 a wasu tsofaffin gidaje.

Har yanzu dai muna kan batun wuta. Mutane da dama da ke zaune a inda ake yawan ɗauke wuta suna da ƴar na'urar batir ɗin nan ta UPS da ke riƙe kwamfuta. Kada a jona firintar leza a jikinta. A duk lokacin da dutsen gugar zai ɗau zafi yakan fizgi wuta da yawa a lokaci guda, fiye da abin da ƙaramar UPS za ta iya ɗauka, sai ta yi ƙara ta mutu, ta tafi da kwamfutar da aikin da ba a adana ba. Haka ma ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ta sola, za ka ji injin ya canza murya, fitilu su dushe. Abin da ya fi shi ne a ba ta soket nata na bango ita kaɗai, in da hali a sa mata abin kariya daga haukan wuta, kada a haɗa ta a doguwar waya ɗaya da firij ko butar lantarki.

Sai wurin ajiyewa. Tebur mai ƙwari wanda ba ya girgiɗi, nesa da hasken rana da ƙura, a kuma bar mata sarari ta baya da gefe domin iska ta fita. A shekara ta 2007 masu bincike a jami'ar fasaha ta Queensland da ke Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Lidia Morawska, sun gwada firintoci 62, suka tarar 17 daga ciki suna fitar da ƙananan ɓurɓushi masu yawa a cikin iska lokacin da suke aiki. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne ga mai buga shafi biyar a mako, amma mai shago da ke wuni yana bugawa a ƙaramin ɗaki ya kamata ya bar taga a buɗe, kada kuma ya ajiye ta dab da hancinsa. Ga waɗanda ke Ingila ko Amurka kuma, idan an kawo na'urar a tsakiyar sanyi, a bar ta ta zauna a ɗaki kamar awa ɗaya ko biyu kafin a kunna. Abu mai sanyi idan ya shigo ɗaki mai ɗumi yakan yi raɓa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an fito da ita daga firij, raɓa kuwa a kan madubin leza da ganga ba alheri ba ce.

Yanzu sai a buɗe kwali. Masana'anta kan ɗaure duk wani abu mai motsi da salatif mai launin ruwan lemo ko shuɗi, da ƴan robobi da kumfa, domin kada ya karye a hanya. Dole a cire su duka, a buɗe kowace ƙofa, a zaro tiren takarda a duba ƙarƙashinsa. Ni kaina da nake wannan bayani, ranar da na sayi tawa ta farko na yi kusan awa guda ina fama da wata jar fitila, har na fara shirya kalaman da zan faɗa wa mai kantin, ashe wata ƴar roba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba na bari a ƙofar baya. Kwalin kuma kada a yar da shi sai an tabbatar komai na aiki.

Daga nan sai kwanson tona. A fito da shi daga ledarsa, a riƙe shi a kwance da hannu biyu, a jijjiga shi a hankali hagu da dama sau biyar ko shida domin garin ya baje. Wasu suna da wani dogon zare na leda da ke toshe bakin garin, sai an ja shi ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba farar takarda za ta yi ta fitowa. Abu biyu ne gangar ba ta so, yatsa da haske. Maiƙon hannu zai bar tabo da zai riƙa fitowa a kowane shafi, haske mai ƙarfi kuma yana kashe ta, don haka kada a ajiye ta a fili ana hira. Idan garin ya zuba a riga, a kakkaɓe, a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi ko guga zai yi masa abin da na'urar ke yi wa takarda ne, ya zauna daram har abada. Kada kuma a zuƙe shi da injin shara na gida, a goge da tsumma mai ɗan danshi.

Akwai wani abu da masu kanti ba su cika faɗa ba. Kwanson da ke zuwa tare da sabuwar na'ura yawanci ba cikakke ba ne, na somin-taɓi ne. A wasu ƙananan firintocin Brother alal misali, na cikin kwali shafi 700 ne, wanda ake saya daban kuma 1,200 ko 3,000. Shi ma wannan lissafi an yi shi ne bisa wani ma'auni na ƙasa da ƙasa da ke ɗauka cewa kusan kashi 5 cikin 100 na shafin ne kawai tawada ta rufe, kamar gajeriyar wasiƙa. Mai buga hotuna da katin biki ba zai ga ko kusa da haka ba. Daɗin daɗawa lambar kwanson kan bambanta daga yanki zuwa yanki, wanda ake kira TN-760 a Amurka, takwaransa a Turai TN-2420 ne. Ke nan kafin ka sayi na'ura, ka fara tambayar kwansonta a kasuwar garinku da kuma farashinsa. Amfanin tona dai shi ne gari ne, ba ya bushewa ya toshe kamar tawadar ruwa ko da an yi watanni ba a buga komai ba. Zafi ne kawai abokin gabarsa, wanda ya bar kwanso a cikin mota da rana a Jidda ko N'Djamena zai iya tarar da garin ya dunƙule.

Takarda ma tana da nata. A yawancin duniya A4 ake amfani da ita, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. A Amurka da Kanada kuwa tasu ta ɗan fi faɗi, ta kuma fi gajarta, 216 da 279. Idan kwamfuta ta aika shafi da girman Amurka alhali A4 ce a tire, sai na'urar ta tsaya cik, ko ta yanke ƙasan rubutun. Tsofaffin ma'aikatan ofis za su tuna saƙon nan na PC LOAD LETTER da tsofaffin firintocin HP ke nunawa, wanda ya sa mutane da yawa suka yi ta neman wata wasiƙa da ba ta wanzu ba, alhali takarda mai girman Amurka kawai na'urar ke nema. Saboda haka a saita girman a wuri biyu, a jikin firintar da kuma cikin kwamfuta. Kafin a zuba takarda a ɗan karkaɗa ta domin ta rabu da juna, a matso da ƴan maƙallan tire su taɓa ta ba tare da sun matse ta ba, kada kuma a wuce layin da aka zana. A wurare masu laima irin su Douala, takardar da ta kwana a buɗe kan sha danshi, idan ta bi ta cikin zafi sai ta nannaɗe ta maƙale, don haka a bar ragowar a cikin ledarta. Sannan duk abin da zafi zai narkar, kamar ambulan mai tagar leda ko sitika da takardar hoto da aka yi domin firintar tawadar ruwa, kada a kuskura a saka. Idan ya narke a jikin naɗin, kuɗin gyaran kan kusa kuɗin sabuwa.

To sai haɗawa da kwamfuta, wanda a da shi ne babban aiki. A shekarun baya sai an saka faifan CD an ɗora manhajar da ake kira direba. Yanzu akasarin sababbin firintoci suna fahimtar juna da waya da kwamfuta kai tsaye, ta hanyar AirPrint da kamfanin Apple ya fito da shi a 2010, ko Mopria a wayoyin Android da kwamfutocin Windows. Hanya mafi sauƙi ita ce wayar USB, sai dai a sani sau da yawa ba ta zuwa a cikin kwali, sai an saya daban. Mai son haɗawa ta Wi-Fi kuma ya lura cewa da yawa daga cikin masu araha suna kama zangon 2.4 ne kawai, ba sa ganin na 5, kuma dole wayar da firintar su kasance a kan layi ɗaya. Da yawa daga cikin koke-koken “ba ta ganin intanet” daga nan suke.

Idan har ana buƙatar direba, a rubuta adireshin kamfanin da hannu, a kuma nemi lambar samfurin daidai. Akwai ƴan damfara da ke buɗe shafuka masu kama da na kamfanonin firinta, ka danna sai a ce an samu matsala, ka kira wannan lamba. Wanda zai ɗauka zai nemi ka ba shi izinin shiga kwamfutarka daga nesa, daga nan sai maganar kuɗi ko ta asusun banki. An fi yi wa mazauna Amurka da Birtaniya wannan, musamman dattawa. Ba a biyan ko sisi domin haɗa sabuwar firinta. Kazalika a lokacin haɗawar, manhajar kan yi ta kawo tayin rajista da tsarin biyan kuɗin tona wata-wata. A karanta da kyau kafin a amince, domin wasu tsare-tsaren na ɗaure mutum ne ga kwanson kamfanin kaɗai, ko su wajabta barin na'urar a kan intanet kullum, abin da ba zai yi wa mai shago a zango daɗi ba.

Wani abin da kusan kowa ke mantawa shi ne kalmar sirri. Firintar zamani ƙaramar kwamfuta ce, tana da shafinta na saituna da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. A ƙarshen 2018 wani mai kutse ya sa firintoci kusan 50,000 a ƙasashe daban-daban suka buga takardar tallata wani tauraron YouTube, ba tare da sanin masu su ba. Wannan wasa ne, amma ya nuna ƙofar a buɗe take. A 2025 kuma masu bincike na kamfanin tsaro na Rapid7 suka bayyana cewa a ɗaruruwan samfuran firinta ana iya gano kalmar sirrin masana'anta daga lambar jikin na'urar. Maganin bai wuce minti biyu ba, a canza ta tun ranar farko, a rubuta a ajiye. Wanda ke buga fasfo da takardun banki na jama'a, amana ce a hannunsa.

Daga ƙarshe sai a buga shafin gwaji, kuma a fara bugawa daga maɓallan jikin firintar kanta kafin a gwada daga kwamfuta. Hikimar ita ce, idan wannan ya fito lafiya amma na kwamfuta ya ƙi, ka san matsalar ta haɗi ce, ba ta na'ura ba. Idan shafin ya fito fari fat, zaren ledar nan ne ba a cire ba. Idan rubutun na gogewa da yatsa, zafi ne bai isa ba, ko dai wutar ta yi rauni ko kuma takardar ta yi kauri ba a faɗa wa na'urar ba. Tabo mai maimaita kansa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa kuwa, ganga ce aka taɓa. Ɗan wari da ɗan tururi a shafukan farko ba komai ba ne, danshin takarda ne ke fita. Wannan shafi na gwaji yana ɗauke da lambar na'urar da adadin shafukan da ta taɓa bugawa, wanda ya kamata a ce bai wuce ƙwaya kaɗan ba idan da gaske sabuwa ce. A haɗa shi da rasit a adana.

Shi kuwa mai sauraronmu na Kumasi, kada ka yar da ita tukuna. Sau da yawa abin da ke ƙonewa shi ne fiyus da allon da ke karɓar wuta, wani lokaci har da dutsen gugar, ragowar na'urar kuma lafiyarta ƙalau. Ka kai wa mai gyaran injin fotokwafi, ba mai gyaran rediyo ba, ka ce ya duba ko za a samu waɗannan sassa na samfurin mai bolt 220 a musanya su gaba ɗaya, ya kuma faɗa maka kuɗin kafin ya taɓa komai, sai ka gwada da farashin sabuwa a nan Kumasi.